Shekarar da Manbok Bai Dafa Miya Ba

Duk wanda ya san tsibirin nan ya san Pyo Manbok, ko da bai san sunansa ba, don kusan shekara ashirin ke nan rabon da a kira shi da shi. Baban Darae ake ce masa, daga tsofaffi har direban jirgin fito. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk sun tsattsage da ruwan gishiri har ba ya iya tsintar allura. Sana'arsa noman miyok, ganyen tekun nan da ake shukawa a jikin igiya, a shimfiɗa cikin ruwa da farkon sanyi, a yanko wajen watan Maris a shanya. Abin da ubansa ya yi ke nan, kakansa ma haka. Magana kuwa sai ka ce saya yake yi. In ka gaishe shi ya ɗaga maka haɓa, to ka gode, ranar yana cikin fara'a.

Sai da ya haura arba'in ya yi aure, don 'yan matan tsibiri da sun gama sakandare sai birni, ba wadda za ta tsaya ta auri igiya da ruwan sanyi. Matar, Sunnye, a masana'antar kifin gwangwani da ke gaɓa, can ƙetaren teku, ya same ta, mace mai surutu da dariya har da dukan cinya. Tana da shekara goma sha huɗu aka cire ta daga makaranta ta shiga gyaran kifi, abin kuwa bai taɓa barin zuciyarta ba. Ko guntun jarida aka naɗo mata kaya a ciki, sai ta karanta kafin ta yar. Mutane suka yi ta mamakin abin da ta gani a jikin wannan dutse, ita kuwa cewa take yi ai bakinta ya ishe su su biyun.

Da cikinta ya tsufa, Manbok ya yi abin da kowane miji ke yi. Ya zaɓi ganye mafi tsawo a girbin shekarar, ya shanya shi a miƙe, bai yarda an lanƙwasa ko an yanka ba, ya rataye shi a rufin ɗaki. Mai jego miyar miyok take sha sau uku a rana har sati uku, da ta haihu kuwa shi da hannunsa ya dafa mata, da man riɗi da tafarnuwa da kan kifi. Cokalin farko ta yamutsa fuska, ta tambaye shi ko tekun ya kwaso gaba ɗaya ya juye a tukunya. Amma ta shanye, har ta miƙo kwano a ƙara. Tana sha tana jujjuya yatsun jaririyar, tana ce masa wannan hannu dai ba zai taɓa ruwan gishiri ba, alli zai riƙe, malamar makaranta ta haifa, ya rubuta ya ajiye.

Kwana tara da haihuwa zazzaɓi ya rufe ta. Teku ya tashi, kwana biyu jirgi bai ƙetara ba. Ranar da iska ta lafa, likita ba shi da sauran aiki, Sunnye ta riga ta cika. Allah sarki, rabin ganyen yana nan rataye a inda yake.

Ƙanwarsa Malsun ce ta taya shi renon yarinyar, da faɗa da komai, don Malsun ko ruwa za ta ba ka sai ta haɗa maka da mita. Amma abu ɗaya bai taɓa barin kowa ya yi masa ba. A ƙasar dai kowa ranar haihuwarsa miyar miyok yake sha, ya tuna wahalar da uwarsa ta sha a kansa. A gidan Manbok kuwa abin ya fi haka nauyi. Duk shekara sai ya ware ganye mafi kyau ya rataye a wurin nan. Ranar haihuwar Darae ya dafa rabi su sha su biyu, bayan kwana goma sha ɗaya, ranar tunawa da Sunnye, ya dafa sauran ya ɗora kwano a gaban hotonta. Bai iya ba yarinyar labarin uwarta ba, bakinsa bai kai can ba. Miyar nan ita ce duk labarin, gishirinta kuma bai taɓa daidaita ba.

Darae ta taso da shirun ubanta da karatun uwarta. Daga firamare har ajin ƙarshe ba wanda ya taɓa shan gabanta a makarantar tsibirin, ko da yake in za a faɗi gaskiya su goma sha biyu ne a ajin. Kowa ya san inda ta dosa, wata kwalejin horar da malamai a Seoul, kuma ta hanyar ɗaukar farko. Wato tun watan Satumba ɗalibi zai tura takardunsa na shekara uku, ya zauna babbar jarrabawar ƙasa a watan Nuwamba kamar kowa, sannan a kira shi intabiyu, kafin ƙarshen shekara ya san matsayinsa. Manbok bai gane duk sharuɗɗan ba, kuma bai nemi ya gane ba. Abin da ya sani shi ne yarinyarsa ce ta ɗaya, an kuma kira ta intabiyu.

To, da yake da watan sama mutanen tsibiri ke lissafin haihuwa, ranar takan yi ta yawo a kalanda. A wannan shekara sai ta faɗo daidai ranar intabiyun.

Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai. Ko ɗan firamare ya san ba a shan miyar miyok ranar jarrabawa, don ganyen santsi gare shi, wai mutum zai zame daga jerin sunaye. Abu mai danƙo ake ba ɗalibi, alewa ko dunƙulen shinkafa, don ya manne. Amma Manbok kallon wannan yake yi a matsayin shirmen mutanen birni waɗanda ba su taɓa ganin ganyen a cikin ruwa ba. Ya ce a ransa in da miyok na kayar da mutum, ai da ba ɗan tsibirin da ya taɓa cin ko jarrabawar tuƙin mota. Ban da haka ma, shekara goma sha takwas bai taɓa tsallakewa ba, shi ne yau zai fara saboda wasu masu ɗaure taye a wuya?

Suka hau jirgi, suka hau bas, tafiyar yini guda. Ita ta jingina kai da gilashi, ko buɗe littafin da ta riƙo ba ta yi ba, shi kuma ya ɗauka gajiya ce. A cikin jakarsa akwai ƙaramin murhun gas da tukunya da rabin ganyen nan naɗe cikin zane. Da safe a ɗakin masauƙi ya kunna wuta. Ƙanshin man riɗi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, sai ga matar mai masauƙin ta leƙo, ta ga kayan makaranta a rataye, ta ga abin da ke tafasa, ta dafe ƙirji. Ta tambaye shi ko yarinyar tasa ce kuwa, ko dai riƙo aka ba shi. Ya ce mata ranar haihuwa ce, ya ci gaba da juya miyarsa.

Darae ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ɗauki cokali ta shanye tas, ta miƙo masa ta ce ya ƙara mata. Ba ta taɓa neman ƙari ba tun da aka haife ta. Daɗi ya kama shi har ya kasa ɓoyewa, da suka dawo gida kuma shi da bakinsa ya ba mutanen bakin jirgi labarin matar masauƙi, yana kwaikwayon yadda ta dafe ƙirji. Mutumin da ba ya magana, ranar da ya tashi yi sai ya yi wadda za ta ci shi.

A tsakiyar Disamba sakamako ya fito. Yana rumfar gyaran igiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ta ce, “Baba, ba su ɗauke ni ba.” Ta juya ta koma gida.

Kafin faɗuwar rana labari ya zagaye tsibirin, kuma ba labarin faɗuwar ba, labarin miyar. Malsun ta zo har rumfar ko ɗankwalin aikinta ba ta cire ba.

“Yaya, kai da girmanka? Da furfurarka? Ko kare aka aika ya raka yarinya intabiyu ai ba zai yi haka ba. Shekara goma sha biyu tana karatu, ka zubar mata a kwano ɗaya.”

Ya ce mata camfi ne. Ta ce to ga camfi nan ya gani da idonsa. Daga nan sai ta sassauta murya, ta faɗi maganar da ta fi zagin ciwo. Ta ce shi bai san halin matattu ba. Mace ta mutu ta bar jaririyar kwana goma sha ɗaya, shi kuma duk shekara yana kiranta da miya, yana nuna mata yarinyar, yaya za a yi ta yarda 'yarta ta ƙetare teku ta bar ta kwance a kabari a kan tudu? Uwar ce ta riƙe wa yarinyar ƙafa, shi kuma ya miƙa mata ita.

Malsun ba muguwa ba ce, baki ne kawai da ita, kuma tana fita ta manta abin da ta faɗa. Shi ne bai manta ba. Da yamma suna cin abinci ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya dubi yarinyar ya ce, “Miyar ce?”

Darae ta sunkuyar da kai. Ya jira. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai hawaye da ya ɗiga cikin shinkafarta. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

Akwai zagaye na biyu a watan Janairu, wasu ƙananan makarantu za su iya karɓarta, malaminta ma ya ba ta shawarar ta gwada. Ta ƙi. Manbok ma ya ƙi, ya ce abin da ya ɓata shi zai gyara, za ta maimaita shekara ta sake neman wannan kwalejin dai, ba wata ba. A watan Fabrairu ya raka ta wata makarantar masu maimai da ke cikin duwatsu, irin wadda ake kwana a ciki, a karɓe wayar ɗalibi a bakin ƙofa, a ba shi lamba da teburi. Yadda ya yi ya biya, shi da igiyoyinsa suka sani.

Wannan shekara ba a ga haƙoransa ba. Matan rumfar shanya, da ba sa raga wa kowa, da sun hango shi sai su fara tambayar juna ko akwai mai ɗa da zai yi jarrabawa a aika wa Baban Darae ya dafa masa karin kumallo. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Sarkin Girki. Da a da ne da ko a jikinsa, amma yanzu sai ya sadda kai ya wuce, har masu tsokanar suka ji kunya suka bari. Shi da yake noman miyok ya daina kai shi baki. In an kawo a gidan biki ya ture kwanon gefe. Mutum yana yanko abu da hannunsa daga safe har la'asar, yana ƙyamarsa, yana kuma ci da shi, ai wannan azaba ce.

Lokacin girbi hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin ya farga ya riga ya ware ganye mafi tsawo, ya shanya a miƙe. Ya tsaya yana kallonsa kamar wani ne ya yi masa aikin. Bai iya sayarwa ba, bai iya yarwa ba, sai ya rataye shi a inda ya saba, ya riƙa shiga ɗakin ba ya ɗaga kai.

Bayan girbin ne ya hau tudun da kabarin Sunnye yake. Can da in ya je zama yake yi ya daɗe, ya cire ciyawa, ya zuba mata ɗan abin sha, ya kalli teku. Ran nan bai zauna ba. A tsaye ya yi mata magana, da murya irin wadda bai taɓa yi mata tana da rai ba. Ya ce ai ita ta ce alli, ita ta ce malama, shi bai ce komai ba, shekara goma sha takwas yana bin maganarta. To yanzu me ya sa za ta riƙe? Ya ce ta saki yarinyar. Ya ce in kaɗaici ne ta jira shi, ya kusa, amma ta ƙyale yarinya. Ya sauko yana haki, ransa a ɓace, kuma har ga zuciyarsa ya ji haushinta. Da lokacin yankan ciyawar kabari ya zo kafin bikin kaka, ya je ya yanka kamar ɗan kwangila, ya kaɗe wandonsa ya sauko bai ce mata ci kanki ba.

Ranar Lahadi ake ba ɗalibai waya na 'yan mintoci. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Ta tambaye shi ko ya ci, ya ce ya ci. Ya ce da sanyi a can? Ta ce da ɗumi a ɗaki. Daga nan su yi shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa har lokaci ya ƙare. Sau biyu ko uku ta ce, “Baba,” ta tsaya, ya ce na'am, ta ce ba komai. Shi a tunaninsa so take ta gaya masa ta yafe, bakin ya kasa, sai ya ƙara jin nauyin abin da ya yi.

Satumba ta zo, ta sake tura takardu kwalejin nan, ta hanyar ɗaukar farko kamar bara. Sai ga ranar haihuwarta ta ja baya a kalanda ta faɗo jajibirin babbar jarrabawa, ranar tunawa da Sunnye kuma ta faɗo kwana ɗaya kafin intabiyu. Malsun ta ce ka gani ko, ai ba banza ba. Manbok bai yi gardama ba. Ya ƙetara gaɓa ya sayo alewa mai danƙo da dunƙulen shinkafa, kwali guda, ya aika mata, bai ko rubuta wasiƙa ba don bai san me zai ce ba. Ranar haihuwar tukunya ba ta hau wuta ba a gidan. Ya ci shinkafa da ruwan zafi a tsaye ya fita teku.

Ta tunawar ce ta fi wuya. Ya shimfiɗa teburi a gaban hoton kamar kullum, ya jera shinkafa da kifi da 'ya'yan itace, ya kunna turare. Wurin kwanon miya ya bar shi fayau. Ya rusuna sau biyu yadda ake yi, bai ɗaga ido ya dubi hoton ba, don hoton dariya take yi a ciki, kuma ya san irin maganar da za ta faɗa. Intabiyun ma bai je ba, Malsun ya tura, ya ce ƙafarsa ba ta da kyau a wannan hanya.

Darae ta dawo gida ta rame, ido ya faɗa, ta zauna jiran sakamako. Da ya fito ba a ce an ɗauke ta ba, ba a kuma ce an ƙi ba. An sa ta a jerin masu jira, ita ce ta huɗu. Duk wanda aka ɗauka ya tafi wata makaranta, sai a kira na gaba a waya. Cikin kwana biyu aka kira na ɗaya, aka kira na biyu. Ana gobe za a rufe aka kira na uku. Malsun ta yi ta rawa a tsakar gida, tana cewa ai saura ƙiris, alewa ta yi aiki.

Ranar ƙarshe ƙarfe shida na yamma ake rufewa. Manbok bai fita teku ba. Suka sa wayar a kan ɗan teburin cin abinci suka zauna a ƙasa, uba a nan, 'ya a can. Malsun ta gaji da zama wajen ƙarfe huɗu ta ce za ta je ta ɗora girki, a aiko mata da albishir. Ƙarfe biyar da kwata wayar ta yi ƙara, ashe wata ƙawarta ce ke son jin labari. Darae ta kashe ba ta amsa ba. Daga nan ba abin da ake ji sai agogon bango da injin jirgin yamma yana shigowa. Shida ta yi. Suka ƙara minti goma, ko agogonsu ya yi gaba. Wayar tana nan kwance kamar mataccen kifi.

Manbok ya fara lissafin inda ya yi kuskure. Ko don ya bar ganyen a rataye ne? Ko da ya je yankan ciyawa ya kamata ya roƙe ta maimakon shiru? Ya buɗe baki zai ce wa yarinyar ta yi haƙuri, baɗi zai fitar da ganyen daga gidan gaba ɗaya, sai ta riga shi.

“Baba, bara tun kafin mu hau jirgi na san na faɗi.”

Bai gane ba, ya dai dube ta.

“Akwai sharaɗi. Sai makinka na babbar jarrabawa ya kai wani mataki, in bai kai ba ko me ka faɗa a intabiyu ba za su duba ba. Ranar da muka yi jarrabawar na gwada amsoshina da waɗanda aka fitar. Lissafi ya kayar da ni. Kwana goma kafin ka dafa miyar.”

Ta ce ta so ta gaya masa, sai ta ga ya riga ya kama ɗaki, ya sayi sabon takalmi, yana gaya wa direban jirgi 'yarsa za ta Seoul. Ta ce shi ya sa ta sha, don ba abin da ya rage da za ta zame daga kansa, kuma a safiyar nan ba abin da take so a duniya kamar miyar. Sannan ta ƙarasa.

“Da ka tambaye ni ko miyar ce, na yi shiru. Na ga gara a ce miya ce da a ce ni ce. Duk Lahadi ina so in faɗa maka. Ranar da kwalin alewa ya zo na kai shi bayan gida na ci kuka, don na san ni na hana ka dafawa. Bana na kai makin, Baba. Ban sha komai ba. Ga shi dai ba su so ni ba.”

Abin da Manbok ya ji a wannan lokaci, har gobe kunyarsa yake ji. 'Yarsa na gabansa, shekara biyu sun tafi a banza, ƙofar da uwarta ta nuna ta rufe, amma abin da ya fara zuwa masa sanyi ne, wani irin sauƙi a ƙirji kamar an sauke masa buhu. Bai ji haushin yarinyar ba ko kaɗan, bai ma tuna da matan rumfa da Sarkin Girki ba. Cewa ya yi, a hankali, “Ashe ba uwarki ba ce.”

Darae ba ta san da wannan magana ba, ta ɗago tana kallonsa. Sai a lokacin sauran abin ya iso masa. Ya rufe fuska da tsattsagaggun hannayensa ya ce, “Na yi mata faɗa. Na je har can na yi mata faɗa. Ranarta ma na hana ta miya.” Yarinyar ba ta taɓa ganin kukansa ba, shi ma bai iya ba, kafaɗunsa kawai ke tashi suna sauka. Ta matso ta dafa gwiwarsa, ta ce ba za ta sake nema karo na uku ba, ta gaji, za ta duba makarantun gaɓa a watan Janairu, kowace ce ta samu. Ya gyaɗa kai. Ba shi da bakin cewa a'a kuma.

Da gari ya waye ya taka kujera ya sauko da ganyen daga rufi, duk ya yi ƙura. Ya jiƙa shi gaba ɗaya, rabon 'yar da na uwar a haɗe, ya soya da man riɗi da tafarnuwa, ya sa kan kifi. Ya naɗe tukunyar da tsohuwar rigar sanyi ya rungume, Darae na biye da kwanuka uku. Malsun ta hango su daga ƙofarta suna hawa tudu, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga fuskar yayanta, ta koma ciki.

Iska na kaɗawa a saman tudun, busasshiyar ciyawa ta kwanta. Ya zuba kwano ɗaya ya ajiye a gaban kabarin, ya gyara cokalin, ya rusuna sau biyu, sannan ya zauna a wurin da ya saba zama. Miyar na ta tururi tana hucewa. Tun a hanya yake neman kalmar da zai fara da ita, bai samu ba, sai ya faɗi abin yadda yake.

“Ba su ɗauke ta ba. Bana ma. Allin nan da kika ce, ban iya sa mata a hannu ba.”

Ya ja hanci, ya goge da bayan hannu.

“Kuma ba ke ba ce. Ni ne na ɗora miki. Sha, ta huce.”

Darae ta ɗauki nata kwanon ta kai cokali baki. Gishiri ya yi yawa, ya ma fi na kullum, don shekara guda rabonsa da girkin. Ta shanye tana kuka, ta miƙa masa kwanon ya ƙara mata.